Bita: Tankin ruwa mai rage tangaɗin dogon gini, daga Filadelfiya zuwa Yokohama

A saman ginin Comcast Center da ke birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka, mai hawa 58 da tsawon mita 297, wanda aka kammala a shekarar 2008, akwai wani makeken tanki na kankare da ke ɗauke da ruwa galan 300,000, wato sama da lita miliyan 1.1. Aikin wannan ruwa guda ɗaya ne, shi ne ya rage tangaɗin da ginin yake yi idan iska ta taso. Kamfanin Motioneering na garin Guelph da ke lardin Ontario a Kanada, ɗan uwan kamfanin nazarin iska na RWDI, shi ne ya tsara shi. A yau irin wannan tanki ya zama haja sosai da ake tallata wa masu gina dogayen benaye, kuma abubuwa uku ake yawan yabonsa da su: yana da arha, babu wani inji a cikinsa da zai lalace, sannan ba ya buƙatar kulawa. A ganina yabo na biyu gaskiya ne tsantsa, na farko gaskiya ne da sharaɗi, na uku kuwa shi ne wanda zai iya jefa mai gini cikin asara idan ya ɗauke shi yadda aka faɗa.

Kafin a auna hajar, ya kamata a san ciwon da take magani. Dogon gini na zamani da aka tsara bisa ƙa'ida ba ya fuskantar barazanar faɗuwa daga iskar da ake samu shekara-shekara, amma yana lilo, domin iskar da ta bugi fuskarsa tana rabuwa ta gefe biyu, tana sakin ƙananan guguwa bi da bi, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kuma idan saurin sakin ya yi daidai da saurin lilon da ginin yake da shi a halittarsa, sai tangaɗin ya yi ta ƙaruwa. Jikin ɗan Adam bai cika damuwa da nisan da ginin ya karkata ba. Abin da yake ji shi ne fizgar da ke zuwa lokacin da ginin ya tsaya ya juyo. Injiniyoyi suna auna wannan fizga da ma'aunin mili-ji, wato kashi ɗaya cikin dubu na ƙarfin da ƙasa ke jawo abubuwa da shi. Mutane da yawa suna fara jin motsi tun daga wajen mili-ji 5, kuma ƙa'idar da aka daɗe ana bi a Arewacin Amurka ita ce, a guguwar da ake sa ran zuwanta sau ɗaya cikin shekara 10, kada gidajen kwana su wuce mili-ji 10 zuwa 15, ofisoshi kuma 20 zuwa 25. An tsaurara wa gidajen kwana ne saboda ma'aikaci yana iya tashi ya tafi gida ranar da guguwa ta yi tsanani, wanda kuwa ya sayi gida a hawa na hamsin ba shi da inda zai je, a nan zai kwanta da juwa da tashin zuciya, yana jin ƙofofi suna ƙara.

Mai gini yana iya ƙara kauri a ginshiƙai da bangon tsakiya, hanyar da take cin kuɗi da fili a kowane hawa, ko ya sauya siffar ginin ta hanyar yanke kusurwoyi, ko kuma ya ƙara wa ginin ikon shanye motsi. Ginin ƙarfe a karan kansa yana da wannan iko da bai wuce wajen kashi 1 cikin ɗari na abin da zai tsayar da lilo nan take ba, na kankare kuma wajen kashi 2. Akwai wani lissafi a nan da ya kamata duk mai saye ya riƙe: ninka ikon shanye motsi sau biyu yana rage tangaɗi da kusan kashi 30 ne kawai cikin ɗari, sai an ninka shi sau huɗu kafin tangaɗin ya ragu da rabi. Saboda haka duk wanda ya ce tankinsa zai sa gini ya tsaya cak, ya faɗi abin da lissafi bai yarda da shi ba.

Yadda tankin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana tsara shi ta yadda lokacin da ruwan zai ɗauka ya je gefe ɗaya ya dawo ya yi kusan daidai da lokacin da ginin yake ɗauka ya yi lilo ɗaya. Idan ginin ya motsa, ruwan yana biyo baya da ɗan jinkiri, sai ya zamana a kowane zagaye yana tura bangon tankin saɓanin inda ginin ya nufa, ƙarfin da iska ta zuba wa ginin ya koma cikin ruwan, can kuma ya ƙare a hargitsi da ɗan ɗumin da ba a ma lura da shi. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai buɗaɗɗen tanki mai kusurwa huɗu ko mai da'ira, inda igiyar ruwa ke kai-kawo daga bango zuwa bango, akwai kuma mai siffar harafin U, inda ruwan ke hawa a ƙafa ɗaya yana sauka a ɗayar ta cikin doguwar kwanciya da ta haɗa su. Wannan na biyu ya samo asali ne daga jiragen ruwa, domin tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya injiniyan Jamus Hermann Frahm na kamfanin Blohm & Voss ya riƙa sanya irinsa don rage tangal-tangal ɗin jirgi a teku, kuma a 1989 ne wani mai bincike mai suna Sakai da abokan aikinsa a Japan suka gabatar da shi domin dogayen gine-gine.

Na Comcast Center mai siffar U ne, kuma a ra'ayina zaɓin ya dace da ginin. Benen ya fi sirantaka ta fuska ɗaya, ta nan ne kuma ya fi buƙatar taimako, tankin U kuwa ta fuska ɗaya tak yake aiki, don haka ba a yi asarar komai ba. Da ginin yana tangaɗi daidai wa daida ta fuskoki biyu, da sai an gina tanki biyu a giciye, ko a koma ga buɗaɗɗen tanki wanda za a iya saita tsawonsa da faɗinsa kowanne da fuskarsa.

Hujjar da ta fi gamsar da ni game da ingancin wannan haja daga Japan ta fito, domin a can ne aka auna gine-gine kafin a sa ruwa da bayan an sa, a cikin iska ta gaske, aka kuma buga sakamakon. Farfesa Yukio Tamura da abokan aikinsa sun wallafa irin wannan awo a 1995. A hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ta filin jirgin saman Nagasaki, mai tsawon mita 42, an jera ƙananan mazubai 25 a 1987, ruwan da ke cikinsu gaba ɗaya bai wuce kilo 950 ba, amma ikon shanye motsin hasumiyar ya ninka kusan sau biyar. A otal ɗin Shin Yokohama Prince kuma, mai hawa 42 da tsawon mita 149, an ajiye jeri 30 na faifayen tankuna, kowane jeri hawa tara, kowane faifai faɗinsa mita 2, jimillar ruwan ta ɗan haura tan 100, kuma fizgar da ake ji a sama ta ragu da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari a iska mai ƙarfi, raguwar tana ƙaruwa gwargwadon ƙaruwar iskar. Waɗannan alƙaluma sun yi daidai da lissafin da na ambata a baya, kuma rage rabin tangaɗi da ruwan da nauyinsa bai wuce wajen kashi 1 cikin ɗari na nauyin da ke lilo ba ciniki ne mai kyau a kowane ma'auni.

Sai dai tanki zalla da ruwa zalla ba ya wadatarwa. Ruwa ba ya shanye motsinsa da kansa sai ɗan kaɗan ƙwarai, idan aka bar shi zai yi ta kai-kawo yana karɓar ƙarfi daga ginin yana mayar masa. Dole a sa masa abin da zai hargitsa shi. Duk wadda ta taɓa ɗauko ruwa a bokiti ta jefa ganye a samansa don kada ya yi ta fantsama a hanya ta san wannan dabara, kuma kusan ita aka yi amfani da ita a hasumiyar filin jirgin saman Haneda da ke Tokyo, inda a 1993 aka jera ƙananan mazubai kusan 1,400 aka zuba musu 'yan ƙwayoyin roba masu yawo a saman ruwa. A manyan tankuna ana kafa raga ta sandunan ƙarfe a tsaye cikin ruwan, a na U kuma ana ƙuntata hanya ko a sa fukafukai a kwanciyar. Masu bincike a jami'o'in Western Ontario da McMaster na Kanada, musamman Michael Tait, sun yi aiki mai yawa a kan wannan raga, domin girman ramukanta shi ne yake tantance ko tankin zai yi aiki yadda ake so. Idan ramukan sun yi yawa ruwan zai wuce ba tare da ya rasa ƙarfi ba, idan sun yi kaɗan ruwan zai kusa tsayawa ya zama nauyi kawai da aka ɗora wa gini. Kuma tun da hargitsin yana ƙaruwa ne da ƙaruwar gudun ruwa, ana zaɓar ragar ne domin wani mataki na iska, ƙasa da shi ko sama da shi aikin tankin yana ɗan raguwa.

Inda ruwa ya yi wa abokin gasarsa fintinkau, wato dunƙulen ƙarfe ko kankare mai nauyi da ake sawa a saman gini ya riƙa lilo don rage tangaɗi, shi ne a ƙaramar iska da kuma wajen juriya. Dunƙulen da ke zamewa a kan faranti, irin na kankare mai tan 400 da aka sa a ginin Citicorp na Niyok a ƙarshen shekarun 1970, yana buƙatar famfon mai da wutar lantarki kafin ya fara motsi, ruwa kuwa da ginin ya ɗan karkata ya amsa, ko da wuta ko babu, alhali a tsakiyar guguwa ne aka fi samun ɗaukewar wuta. Babu igiyar ƙarfe da za ta gaji, babu silinda mai yoyon mai, kuma ɗan kwangilar da ya zuba kankaren ginin shi ne zai zuba na tankin. A ginin One Wall Centre na birnin Bankuba da ke Kanada, mai hawa 48, wanda aka kammala a 2001 kuma tsawonsa ya ninka faɗinsa sau bakwai, tankuna biyu ne a sama, kowanne da ruwa kusan lita 230,000, kuma ruwan yana zaman ajiya domin kashe gobara. Wannan riba biyu ce da kuɗi ɗaya, ko da yake ranar da aka kwashe ruwan aka kashe wuta, ginin zai zauna babu mai rage masa tangaɗi har sai an sake cikawa.

Sharaɗin da ke kan arhar shi ne fili. Ƙarfe ya fi ruwa nauyi kusan sau takwas, kankare kuma ya fi ruwan sau biyu da ɗoriya. Ruwan Comcast Center yana cin fili sama da kubik mita 1,100 (kubik mita ɗaya lita dubu ne), alhali ƙarfe mai nauyinsa bai kai kubik mita 150 ba. Bugu da ƙari, ba dukkan ruwan ne yake aiki ba. A buɗaɗɗen tanki mai tsawon mita 10 da zurfin mita 2, kusan kashi 70 ne kawai cikin ɗari na ruwan yake shiga lilon, sauran yana zaune a ƙasa yana bin ginin duk inda ya yi, a na U kuma ruwan da ke cikin kwanciyar ne yake tura ginin, na cikin ƙafafun yana hawa da sauka ne kawai. Sannan sai an bar sarari a sama don igiyar ruwa ta samu inda za ta tashi ba tare da ta riƙa dukan rufi ba. Duk wannan kuwa a ƙololuwar gini yake, inda kowace mita ta fi tsada, inda kuma injinan lifta da na sanyaya ɗaki suke neman nasu wurin. Adalci dai ya sa a ce dunƙulen ƙarfe ma ba ya zama kyauta: na ginin Taipei 101 a Taiwan, mai tan 660 da faɗin mita 5.5, wanda shi ma Motioneering ne ya tsara, yana rataye ne daga hawa na 92 zuwa na 87, kuma an ce ya ci kusan dala miliyan 4. Amma shi ya zama abin kallo da masu yawon buɗe ido suke biya su gani, musamman bayan da ya yi lilon mita guda a mahaukaciyar guguwar Soudelor cikin watan Agusta na 2015, tankin kankare kuwa yana rufe cikin duhu, ba ya kawo ko sisi.

Yanzu sai batun kulawa, wanda shi ne na fi so mai saye ya tsaya a kai. Dukkan amfanin tankin ya rataya ne a kan saiti, saitin kuma ya rataya a kan zurfin ruwa. A ɗauki buɗaɗɗen tankin nan mai tsawon mita 10. Idan zurfin ruwansa mita 2 ne, igiyar tana zuwa ta dawo cikin sakan 4.8, idan kuwa ruwan ya ragu da rabin mita, ta hanyar ƙafewa ko yoyo ko wani ma'aikaci da ya buɗe bututu bai san abin da yake taɓawa ba, lokacin zai koma sakan 5.4. Bambancin ya haura kashi 12 cikin ɗari, kuma ya isa ya zubar da kaso mai yawa na amfanin da aka biya kuɗi dominsa, ba tare da wata ƙararrawa ta yi ƙara ba, har sai daren da guguwa ta zo mazauna suka fara kiran ofishin kula da gini. A tankin U lamarin ya sha bamban, domin lokacinsa ya dogara ne ga tsawon ruwan gaba ɗaya daga saman ƙafa ɗaya zuwa saman ɗayar. Ginin da ke lilo ɗaya cikin sakan 7, abin da ba baƙo ba ne ga bene mai tsawon wajen mita 300, yana buƙatar ruwa mai tsawon mita 24 da 'yan kai, kuma ko da rabin mita ya ragu a kowace ƙafa, lokacin zai sauya ne da kashi 2 kawai cikin ɗari. Wannan ya sa tankin U ya fi jure sakaci, amma kuma shi ne ya sa ya fi wuyar gyarawa idan aka kammala gini aka tarar lilonsa na gaskiya ya saɓa wa abin da kwamfuta ta yi hasashe, abin da kuwa yake faruwa a kai a kai, domin bangayen ciki da gilasai suna ƙara wa gini tauri, tsagewar kankare da shekaru kuma tana rage shi. Buɗaɗɗen tanki ana gyara shi da tiyo, na U kuwa idan kuskuren ya yi yawa sai an taɓa kankare.

Ga kuma abubuwan da ruwa ya gada. Yana neman kafar fita, kuma tan dubu na ruwa a kan gidaje mafi tsada a gini yana buƙatar shimfiɗar hana yoyo mai inganci, da magudanar da za ta kama abin da ya tsere, da wanda zai riƙa dubawa. Yana daskarewa a biranen sanyi irin Filadelfiya idan ba a killace ɗakin ba. Ruwan da ya daɗe a tsaye yana tara gansakuka da ƙwayoyin cuta sai an sa masa magani, ragar ƙarfe kuma tana tsatsa idan ba a zaɓi ƙarfen da ya dace ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake da tsada ko wahala, amma kowannensu yana buƙatar a rubuta shi cikin littafin kula da gini da sunan wanda aka ɗora wa alhakinsa.

Game da girgizar ƙasa, bai kamata a ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Tankin yana buƙatar zagaye da dama kafin ruwan ya kama lilo sosai, girgizar ƙasa kuwa tana yin ɓarnarta mafi muni cikin 'yan sakan na farko, kuma da zarar ginshiƙai sun fara lanƙwasa, lokacin lilon ginin yana tsawaita, saitin ya watse. Ginin One Rincon Hill na San Faransisko, mai hawa 60, wanda aka kammala a 2008, ya nuna rabon aiki da ya dace: tankin galan 50,000 da ke samansa na kwanciyar hankalin mazauna ne a lokacin iska, girgizar ƙasa kuwa an tanadar mata ƙaƙƙarfan bangon tsakiya da tokaren ƙarfe na musamman da ba sa lanƙwashewa idan an matsa su. A al'ada ma injiniyoyi suna tsara ƙarfin gini ne kamar babu tankin, don kada tsayuwar bene ta dogara ga ruwan da ana iya wayar gari babu shi.

Abin da mai gini yake saye a haƙiƙa daga kamfanoni irin su RWDI aikin ƙwaƙwalwa ne, kankaren da ruwan kowa yana da su. Ana fara gwada ƙaramin samfurin ginin da na maƙwabtansa a ramin gwajin iska, fannin da Farfesa Alan Davenport ya kafa masa ɗakin bincike a jami'ar Western Ontario a 1965, sai a fitar da girman tanki da tsarin raga, a gwada samfurin tankin a kan tebur mai girgiza, sannan bayan an kammala gini a zo da na'urorin awo a gano lilonsa na gaskiya kafin a tsayar da zurfin ruwa na ƙarshe. Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi jarabtuwa a taƙaita idan kuɗi ya fara ƙarewa, kuma ni da zan ba da shawara, da na ce a rubuta shi cikin yarjejeniya tun farko, tare da na'urar da za ta riƙa nuna zurfin ruwa a ɗakin kula da gini, da sake awon lilo bayan wasu shekaru.

Siririn bene na gidajen kwana ko otal, wanda lilonsa yake tsakanin sakan 4 zuwa 7 kuma aka ware masa fili a sama tun a zanen farko, shi ne ainihin mai wannan haja, kuma ba mamaki da aka zo gina Comcast Technology Center, mai tsawon mita 342, wanda ya ƙwace kambun tsawo a Filadelfiya a 2018 kuma yake da otal a samansa, aka sake komawa ga ruwa, sai dai wannan karon buɗaɗɗun tankuna aka zaɓa masu ɗaukar galan 125,000. Benayen da suka fi haka tsawo da nauyi sosai sukan buƙaci ruwan da samansu ba zai iya ɗauka ba, a nan ƙarfe ya fi dacewa. Ga hasumiya ko tsohon ginin da aka riga aka gama sannan aka gano yana damun mutane, tsarin ƙananan mazubai irin na Nagasaki da Haneda ya fi komai sauƙi, domin ana iya hawa da su ɗaya bayan ɗaya babu ruwa a ciki, a jera su inda aka samu wuri, a cika su da tiyo, a ƙara ko a rage adadinsu gwargwadon abin da na'urar awo ta nuna.